Gidan kifi ne ke raya bakin teku, ko bakin tekun ne ke ciyar da gidan kifin?

Mai_Taswira: Assalamu alaikum 'yan zaure. Duk birnin da ya tashi gyara tsohuwar tashar jiragen ruwansa sai ka ga an saka gidan kallon kifi a tsakiyar zanen. Baltimore ta Amurka ta yi haka a 1981, Genoa ta Italiya a 1992, Cape Town a 1995, Lisbon a 1998, Durban a 2004. Ni a ganina gidan kifin shi ne uwa a irin wannan aiki, in ka cire shi sauran kantuna da otal-otal ba za su samu jama'a ba. Mu ɗauki V&A Waterfront, tsohuwar tashar Cape Town da aka mai da ita wurin kasuwanci da shaƙatawa, a matsayin ma'auni. Masana a gyara min in na kauce.

Dillalin_Filaye: Wa alaikumus salam. Malam Mai_Taswira, ka ɗauko misalin da zai karya hujjarka da kansa. Dubi jerin shekarun. An kafa kamfanin V&A a ƙarshen 1988 a ƙarƙashin hukumar sufurin gwamnati, wadda daga baya aka sani da Transnet. Sun fara da gyara tsofaffin gine-ginen tashar, suka mai da su gidajen abinci da otal. Babbar kasuwar Victoria Wharf ta buɗe a 1992. Gidan kifin Two Oceans bai buɗe ba sai 13 ga Nuwamba 1995, wato ya zo ya tarar da kasuwa na ci. Abin da ya riƙe wurin shi ne fili hekta 123 a hannun mai shi guda ɗaya. Shi ke yanke inda za a sa otal, inda za a sa ofis, shi ke karɓar haya, shi ke share titi da biyan masu gadi. A 2006 an sayar da wurin ga wasu masu zuba jari na Dubai da Landan a kan kusan rand biliyan 7, a 2011 kuma kamfanin gidaje na Growthpoint da hukumar da ke juya kuɗin fanshon ma'aikatan gwamnati suka saye shi a kan rand biliyan 9.7, rabi da rabi. Wanda ya biya wannan kuɗi ba tikitin kallon kifi ya saya ba, haya ya saya.

Mai_Taswira: To in haka ne me ya sa suka bari aka gina shi a fili mai tsada irin wannan?

Dillalin_Filaye: Saboda yana tsawaita zaman mutum. Magidancin da ya kawo iyalinsa kallon kifi zai yi awa biyu a ciki, ya fito yara na jin yunwa, ya biya kuɗin ajiye mota na awa huɗu maimakon ɗaya. Kuma ranar Talata da hantsi, lokacin da kantuna ke hamma, motocin makarantu ne ke cika wurin. Ranar ruwan sama ma, wadda Cape Town ba ta rasawa daga Mayu zuwa Agusta, yana ba baƙo wurin fakewa. Amfaninsa ke nan, ba ƙarami ba ne, amma ba shi ne uwa ba.

Hajiya_Tsare_Birni: Ina goyon bayan Dillali, sai dai ya tsallake abu ɗaya. Ba a kori aikin tashar ba. Manyan jiragen kwantena sun koma sababbin matsaya masu zurfi tun shekarun 1970, shi ya sa tsofaffin kwaruruka biyu, na Alfred da na Victoria, suka zama kufai. Amma jiragen kamun kifi suna nan, busasshen ramin gyaran jirgi na Robinson da aka gama a 1882 yana aiki har yau, kuma daga nan jirgin Robben Island ke tashi da masu zuwa ganin kurkukun Mandela. Mai tafiya a ƙasa sai ya tsaya a buɗe gada jirgi ya wuce. Wannan ƙarni da ƙarar walda da wasu masu zane ke son sharewa, su ne abin da babu wata kasuwar cikin gari da za ta iya kwaikwaya.

Injiniya_Famfo: Ku bari in shigo ta ƙofar baya, inda baƙo ba ya gani. Gidan kifi masana'anta ce da ba a kashe ta ko minti goma ba tare da shiri ba. Abin da mai kallo ke gani bai fi rabin ginin ba, sauran ɗakunan injina ne. Ruwa yana fita daga tanki ta sama da ta ƙasa, ya bi ta matatar yashi da ke kama datti, ya shiga wata doguwar tukunya da ake hura wa ƙananan kumfa don ta kwashe maiƙo da ragowar abinci, a nan ake sa masa ozon kaɗan, wata iska mai kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya ratsa matatar bakteriya, ya bi ta hasumiyar da ke fitar da iskar da ta yi yawa, a daidaita zafinsa, ya koma tanki. A babban tanki ana so ruwan duka ya zagaya cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Mu yi lissafi da tankin manyan kifayen shak na Two Oceans, mai lita miliyan 2. Zagaye a awa biyu na nufin lita miliyan 1 a kowace awa. In famfon zai tura ruwan da ƙarfin da ya kai hawan mita 15, kana bukatar wajen kilowat 60, dare da rana. Kusan yunit 1,400 ke nan a yini, a tanki ɗaya, ba a sa injin sanyaya ruwa da fitilu ba. Kuma kowane famfo sai an ajiye masa ɗan'uwa a gefe, a haɗe, yana jiran ranar da na farko zai tsaya.

Baban_Khadija: Injiniya, lokacin da Afirka ta Kudu ke fama da ɗauke wuta fa?

Injiniya_Famfo: Janareta mai tashi da kansa cikin daƙiƙoƙi, da tankin dizal na kwanaki, da tulunan iskar oksijin a ajiye. Ba duhu ke kashe kifi ba, ƙarewar oksijin ce. Ana so ta tsaya sama da miligiram 6 a lita. A tanki mai cunkoso da ruwan ɗumi, 'yan awanni kaɗan sun isa. Wani abin da mutane ba su sani ba: in matatar bakteriya ta daɗe a tsaye ba ruwa mai gudu, bakteriyar na mutuwa, ruwan cikinta ya ruɓe. Wuta ta dawo, ka kunna famfo ba tare da ka zubar da wannan ruwan ba, ka tura guba cikin tanki da hannunka.

Likitan_Kifi: Tunda an taɓo bakteriya, bari in ƙara, domin a nan 'yan siyasa ke ɓata aiki. Kifi na fitar da amoniya ta kunnuwansa. Wani jinsin bakteriya ke mai da ita naitirait, wani ya mai da wannan naitiret, wadda ba ta da illa sosai. Kafin su yaɗu a sabuwar matata ana ɗaukar mako huɗu zuwa takwas, kuma babu umarnin gwamna da zai sa su sauri. Kafin ma a kai nan, sabon tankin kankare sai an cika shi da ruwan daɗi a gwada yoyo, a jiƙa, a zubar, a maimaita, saboda siminti na sakin sinadarin da ke tayar da ma'aunin pH, wato na tsami da kanwar ruwa, sama da 8.0 zuwa 8.3 da kifin teku ke so. Kifin da aka kawo kuma sai ya yi aƙalla kwana 30 a killace a ɗaki dabam, mai matatarsa da ragarsa da bokitinsa. In an ɗora ranar buɗewa a kan wani biki, aka ga lokaci ya ƙure, abin da ake fara yankewa shi ne waɗannan makonni. Sai a buɗe da ganga da algaita, bayan wata guda ciwon farin ɗigo ya bayyana a jikin kifi. Maganinsa na jan ƙarfe ne, shi kuma yana kashe murjani da ƙaguwa da duk abin da ba shi da ƙashin baya, kifin shak ma ba ya jure shi sosai. Ka ga ba za ka iya zuba shi a babban tanki ba. Sai dai a shiga da raga a yi ta farautar marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya a tsakanin duwatsu.

Abu_Hanifa77: Allah Ya saka da alheri, Likita. Ashe kiwon tarwada a bayan gida da wannan duk tushensu ɗaya, girma ne ya bambanta.

Likitan_Kifi: Tushe ɗaya ne, sai dai tarwada na shaƙar iska daga sama, tana yafe kurakurai da yawa. Kifin murjani ba ya yafewa.

Magini_Bakin_Ruwa: Ni damuwata ginin kansa. Ƙasar tsohuwar tasha galibi ciko ce, an zuba duwatsu da tarkace shekara ɗari da suka wuce, babu wanda ya ajiye takarda. Kafin a ja layi ɗaya sai an haƙa ramukan gwaji a ga zurfin dutse, a kuma ɗebi ƙasa a auna mai da dalma. A Lisbon filin da aka yi baje kolin 1998 matatar mai ce da mayanka da juji, sai da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa tukuna. A Cape Town inda unguwar masu kwale-kwalen alfarma take yanzu wurin tankunan mai ne, aka cire su aka shigo da ruwa. Sannan nauyi. Lita miliyan 2 tan dubu biyu ne da ɗoriya, domin ruwan gishiri ya ɗan fi nauyi. Wannan ba ya zama a kan ciko, sai an kafa turaku har dutse. Tanki ya nutse da santimita ɗaya a gefe guda, tagar ce za ta fara faɗa maka.

Gishiri kuma shi ne maƙiyin rodi. Yana ratsa kankare a hankali, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, kankaren ya tsage daga ciki. Shi ya sa ake barin kauri na milimita 50 zuwa 75 tsakanin rodi da fuska, a rage ruwa a kwaɓin, a shafe cikin tankin da rufi mai hana ruwa. Bututu na roba ne mai kauri ko na zaren gilashi. Injin ɗumama ruwa ko sanyaya shi kuwa sai da ƙarfen titaniyom. Ɗan kwangilar da ya ce maka ƙarfen da ba ya tsatsa zai wadatar, ka tambaye shi ko zai dawo bayan shekara uku ya ƙirga ramukan da ke jikinsa.

Baban_Khadija: Gilashin nan fa? Kullum in na ga hoton yara sun manna fuska a jiki sai gabana ya faɗi.

Magini_Bakin_Ruwa: Ba gilashi ba ne, akirilik ne, wata roba mai ƙarfi da ake gani ta cikinta, ana manna faifai a kan faifai har ya yi kauri. Tsawon tanki ba shi ke sa kauri ba, zurfi ne da faɗin tagar. A zurfin mita 6 kowane murabba'in mita na ɗauke da tan 6. Babbar tagar gidan kifin Okinawa a Japan kaurinta santimita 60, ta Dubai Mall 75. Ba a ɗaure ta da kusa, a kan gurbi ake zaunar da ita da ɗanko, ruwan ne ke danne ta. Kuma sai an shigar da ita kafin a rufe rufin gini, in ba haka ba babu ƙofar da za ta bi. Abin da ke cutar da ita zafi da sanyi mabambanta a fuskokinta biyu, da sinadarin goge-goge mai barasa da ke sa ta ƙananan tsagu.

Sadauki_DE: Tsoron Baban Khadija ba na banza ba ne. Ranar 16 ga Disamba 2022 da asuba, wani dogon tankin kifi mai suna AquaDom na Berlin ya fashe a cikin harabar otal. Lita kusan miliyan 1 ta fito har titi, kifi wajen 1,500 kusan duka suka mutu, mutum biyu suka ji rauni. Da rana tsaka ce da labarin ya sha bamban. Masu gabatar da ƙara sun rufe binciken a 2023 ba tare da an tsayar da dalili guda ba.

Magini_Bakin_Ruwa: Gaskiya ne, amma a lura wancan tulu ne a tsaye, jikinsa duka akirilik da aka haɗa gaɓa-gaɓa, yana riƙe da kansa. Taga a cikin bangon kankare wani lissafi ne dabam.

Mai_Taswira: Mun yi nisa cikin injina. In dawo da mu: in gidan kifi na cin kuɗi haka, kuma ba shi ke kawo haya ba, me za ku ce game da Baltimore? Can ai kowa ya yarda shi ya ɗaga sunan birnin.

Dillalin_Filaye: Baltimore ta ba ka rabin gaskiya, Malam. Rumfunan kasuwar Harborplace na kamfanin James Rouse sun buɗe a 1980, gidan kifin ya biyo a 1981 zamanin magajin gari William Donald Schaefer, duniya ta yi ta zuwa koyo. Yau gidan kifin na nan da ƙarfinsa, amma Harborplace ta mutu a tsaye, har kotu ta naɗa mata mai riƙo a 2019. A Nuwamba 2024 masu zaɓe suka amince a sauya doka don a rushe rumfunan a gina har da gidajen zama. Wato gidan kifin ya rayu, bai hana maƙwabciyarsa mutuwa ba. Abin da aka rasa tun farko shi ne mutanen da ke kwana a wurin. Kasuwar da ta dogara da baƙo kaɗai, ranar da baƙo ya gaji da ita babu mai sayen burodi.

Hajiya_Tsare_Birni: Nan ne kalmar gauraye ke da ma'ana. Ofis na cika wuri daga takwas zuwa biyar, mazauna daga yamma zuwa safe, baƙi a ƙarshen mako. Wurin ajiye mota ɗaya sai ya yi aiki sau uku. A V&A sun ci gaba da ƙara sababbin dalilan zuwa: kasuwar masu sana'ar hannu ta Watershed a gefen gidan kifin, sannan tsohon rumbun hatsi na 1924 da aka fafe cikinsa aka mai da shi gidan zane-zanen Zeitz MOCAA a 2017. Gidan kifin ma ya ƙara sabon tanki mai lita miliyan 1.6 a 2016, domin ɗan gari ba zai biya sau uku ya kalli abu ɗaya ba. Duk wanda ke rubuta kasafin gidan kifi bai ware kuɗin sabon abu duk bayan 'yan shekaru ba, ya ɗauki cinkoson shekarar farko ya ɗauka haka za a dawwama.

Ɗan_Zongo: Hajiya, a yi mana adalci. Gidajen da ke wannan unguwa wane ne ke iya saya? Mai share wurin daga unguwar talakawa ta Khayelitsha yake tasowa, tafiyar kusan kilomita 30. An gauraya gine-gine, ba a gauraya mutane ba.

Hajiya_Tsare_Birni: Ban musa ba, ɗan'uwa. Abin da zan ce kawai, shiga wurin kyauta ne, bakin ruwan a buɗe yake ga mai tafiya a ƙasa, kuma motar haya ta birni na shiga har ciki. Waɗannan ukun in ba a rubuta su cikin yarjejeniyar fili tun ranar farko ba, otal zai ja katanga har ruwa. Amma fili ne na kamfani, mai gadi na iya cewa mai talla ya fita. Kuma su sun yi sa'a babu unguwar da aka tasa, tasha ce. A Legas an ga yadda ta kaya da mutanen unguwar Maroko da aka tasa a 1990 da na Otodo Gbame a 2017.

Sarkin_Ruwan_Yauri: Durban ba a yi maganarta ba. Gidan kifinta, uShaka, na ƙaramar hukumar birnin ne, an buɗe shi a 2004 don ya ja masu zuba jari zuwa unguwar Point. Jama'a sun zo kallon kifi da wasan ruwa, amma ginin unguwar ya yi ta jan ƙafa shekaru, birnin kuma ya sha cike giɓin kuɗin gudanarwa. Wannan shi ne gwajin maganar Mai_Taswira kai tsaye: an sa gidan kifi a gaba, an jira sauran su biyo.

Injiniya_Famfo: Durban ta tuna min da batun inda ake ɗebo ruwa, wanda ya kamata a fara tambaya kafin a zaɓi fili. Ruwan cikin tasha ba ya yi, akwai mai da fentin jirgi da magudanar gari. Ko dai a kai bututu waje inda ruwa ke gudu, ko a haƙa rijiyoyi a ƙarƙashin yashin gaɓa yashin ya tace maka. Bututun kuma biyu ake sawa, domin ƙananan katantanwa na toho a ciki su toshe shi. A Monterey na Amurka, inda aka mai da tsohuwar masana'antar gwangwanin kifi gidan kallo a 1984, wani dunƙule suke turawa ta cikin bututun yana kankare shi. Sannan a gina ma'ajiyar ruwa ta kwanaki, saboda ranar da ambaliya ta kwaso najasa, kamar yadda aka gani a gaɓar Durban bayan ruwan Afrilu 2022, dole a rufe mashiga a rayu da abin da ke hannu. Ruwan Cape Town mai sanyi ne saboda igiyar ruwan teku ta Benguela, ya dace da tankin dajin ciyawar teku ta kelp mai lita 800,000 na Two Oceans, amma kifin gefen tekun Indiya sai an ɗumama masa. Unguwar rumbun hatsin ma da wannan ruwan sanyin ake sanyaya gine-ginenta.

Abu_Hanifa77: To mu da ba mu da teku? A ce tafkin Jabi a Abuja, ko mahaɗar Neja da Binuwai a Lokoja, ko bakin kogi a Yamai.

Likitan_Kifi: In ka nace sai kifin teku, gishiri za ka saya. Giram 35 a kowace lita, wato tan 35 a lita miliyan 1, kuma ba gishirin miya ba, haɗi ne na musamman da ake shigowa da shi. Canza kashi goma cikin ɗari a wata, tan uku da rabi ke nan kowane wata. Gidan kifin Atlanta a Amurka na yin haka tun 2005, amma da aljihun Atlanta. Hanya mai hankali ita ce ta Chattanooga a Amurka, wadda ta buɗe gidan kifin ruwan daɗi a bakin kogin Tennessee a 1992. Giwan ruwa, yauni, tsage, minjirya mai wuta, gaiwa da ke kwana cikin laka duk rani, talibambam mai kumbura: yaran birni nawa suka taɓa ganinsu da rai?

Sarkin_Ruwan_Yauri: Sai dai kada a haɗa tsage da ƙananan kifi a tanki ɗaya, in ba haka ba kullum da safe lissafi zai ragu. Yauni ma in ya girma ba ya son maƙwabci.

Magini_Bakin_Ruwa: Lokoja kuwa a fara duba inda ruwa ya kai a 2012 da 2022, a ɗora ɗakin injina da janareta sama da wannan layi. Masu zane na son tura famfuna ƙarƙashin ƙasa don fili na sama ya kawo haya, a bakin kogi kuwa wannan shi ne ɗakin da zai fara cika.

Mai_Taswira: Na sassauta, amma ban sauka duka ba. Genoa fa? Mai zanen gini Renzo Piano ya zana gyaran tsohuwar tashar don bikin shekara 500 da tafiyar Kolumbus, biki ya watse, kuma gidan kifin ne ya ci gaba da kawo mutane wurin. Dillali, wannan ba ya cikin lissafinka.

Dillalin_Filaye: Yana ciki, Malam. Tsohon garin Genoa na manne da tashar, mutum na fitowa daga lungunsa ya tsallaka ƙarƙashin gadar mota ya iso ruwa da ƙafa. Mazaunan da Baltimore ta rasa, Genoa ta gaje su.

Baban_Khadija: Injiniya, tambaya ta ƙarshe daga ni. Ka ce akwai hasumiyar fitar da iska. Na ɗauka iska ake nema wa kifi, me ya sa za a fitar?

Injiniya_Famfo: Oksijin ake nema, ba kowace iska ba. In bututun da ke shiga famfo ya sami 'yar ƙofa kamar ta allura, famfon zai zuƙi iska ya matse ta cikin ruwa fiye da kima. Kifi ya shaƙa, kumfa ta fito masa a ido da fiffike da cikin jini, kamar mai nutso da ya taso da gaggawa. Ruwan a ido garau yake, gwajin amoniya lafiya lau. Sai da na'urar auna jimillar iskar da ke cikin ruwa ake gane shi, kuma a kan bututun komawa tanki ake ɗaura ta, bayan famfo.